Karatun PhD ko aikin rijiyar mai: in ku ne wanne za ku ɗauka?

Sadauki_93:
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema don wallahi kwana huɗu ke nan kaina ya ɗau zafi. Na gama digirina na farko a jiyoloji (ilimin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa), sai ƙofa biyu suka buɗe min a wata ɗaya. Wata jami'a ta ba ni gurbin PhD, ba zan biya kuɗin makaranta ba kuma za a riƙa ba ni alawus duk wata har shekara biyar, sharaɗin dai in riƙa taya su koyar da 'yan aji ɗaya. Sai kuma wani kamfani mai yi wa rijiyoyin mai aiki ya ce in zo, aikin duba lakar haƙa ne, kwana 28 a teku kwana 28 a gida. Albashin ya ninka alawus ɗin har da ɗoriya tun shekarar farko. Ina son karatu ba ƙarya, amma akwai mutane a bayana da suke jiran in fara kawo wani abu. Wanda ya taɓa ɗaya daga ciki don Allah ya faɗa min gaskiyar abin, ba wadda ake rubutawa a takardar ɗaukar aiki ba.

ƊanRig:
Wa alaikumus salam ƙanina. Je ka karɓi kuɗinka kawai. Jami'a ba inda za ta, ko bayan shekara goma ka dawo tana nan inda ka bar ta. Aikin mai kuwa kamar damina yake, in ta zo ba ka yi shuka ba shi ke nan sai wata shekarar, in ma ta zo.

Yar_Lab:
Wannan maganar ta "jami'a ba inda za ta" ita ta fi cin mutane. Ginin ne ba ya tafiya, kai ne kake tafiya. Mu shida muka yi niyyar ci gaba da karatu a ajinmu, huɗu suka ce bari su yi aiki shekara biyu su tara kuɗi su dawo, yau shekara tara ko ɗaya bai dawo ba. Ba wai ba sa so ba ne, amma mutumin da ya saba da cikakken albashi, ya yi aure, ya ɗauki haya mai tsada, ƙannensa sun san ranar da kuɗi ke shigowa, ta yaya zai koma kan alawus ɗin ɗalibi? Ga malaman da za su rubuta maka takardar shaida ma sun manta fuskarka.

Malam_Lissafi:
Kafin a yi nisa bari mu auna abin da awa, don kowa yana kallon kuɗin wata ne kawai. Kwana 28 da 28 na nufin kusan kwana 182 kake aiki a shekara, kowace rana awa 12, ya kama awa 2,184 ke nan. Ma'aikacin ofis mai awa 40 a mako yana yin 2,080 in ba a cire hutu ba. Ɗalibin PhD da yake awa 50 a mako na tsawon mako 48 ya yi 2,400, kuma duk wanda ya yi zai gaya maka lokacin rubuta kundi 50 ɗin wasa ce. To ka ga ɗan rig, wato mai aiki a kan na'urar haƙar mai, bai fi ɗalibi yawan aiki ba, a dunƙule kawai ake ba shi nasa, ɗalibi kuma a warwatse har cikin daren Asabar. In albashin ninki biyu ne to a kowace awa ma ya fi ninki biyu. Sannan ka ninka ratar sau biyar, wannan shi ne ainihin kuɗin makarantar da aka ce an yafe maka.

ƊanRig:
Malam_Lissafi lissafinka daidai ne a allo, kuma ni kake goya wa baya, amma gaskiya gaskiya ce, kwana 28 ɗin gida ba 28 ba ne. Kwana biyu sun tafi a hanya zuwa da dawowa, in hazo ya hana helikwafta sauka kana nan zaune da jakarka a hannu kana kallon sama. Kwana ukun farko a gida ba ka da amfani ga kowa, musamman in da aikin dare ka ƙare, barci kake da rana kana zarya da dare kamar mai gadi. Kwas-kwas ɗin tsaro ma a cikin hutunka ake cusa su. Kuma awa 12 ɗin ita ce mafi ƙaranci, in wanda zai karɓe ka bai da lafiya ba wanda za a kira daga gari.

Sadauki_93:
Yaya ƊanRig shi aikin lakar takamaimai yaya yake a rana? A intabiyu dai sun ƙawata min shi sosai.

ƊanRig:
Hahaha za su ƙawata mana. Da shi na fara shekara uku kafin in canza layi. Wani ɗan kwantena ne za a saka ku ciki, ku biyu ko uku, da kwamfutoci da madubin ƙara girma. Ana haƙa ana tura laka cikin rami tana dawowa da ɓarɓashin dutsen da haƙorin haƙa ya niƙa, to duk bayan 'yan mitoci sai ka sa hular kwano da tabarau ka fita wurin rariyar da take karkaɗe lakar, ka ɗebo ɓarɓashin, ka wanke, ka duba wane irin dutse ne, ka sa shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman in akwai mai sai ya yi ƙyalli, ka rubuta, ka zuba a 'yar jaka ka sa lamba. In haƙar tana gudu da sauri kafin ka gama wannan wani ya iso. Ido ɗaya kuma yana kan allon gas da yawan lakar da ke cikin tanki, don in ta fara ƙaruwa ba dalili to rijiya ce take turo wani abu, kai za ka fara kwarmatawa. Makon farko abin burgewa, dutsen da ba wanda ya taɓa gani tun da aka yi duniya ga shi a tafin hannunka. Wata na shida kuwa laka ce kawai, har cikin kunne.

Tsohon_Direla:
Ɗana Sadauki, shekara 24 na yi a wannan harka, tambaya ɗaya zan yi maka. Kuɗin nan da ka ce ya ninka, nawa ne albashin tushe nawa ne kuɗin kwana? Koma ka duba takardar. Yawancin kamfanonin hidima ƙaramin tushe suke bayarwa, sai su ɗora maka wani abu a kan kowace rana da ka kwana a rig. In rig na aiki kai sarki ne. In an ajiye rig kana gida da tushe kawai, kuma ba a jimawa ake cewa tushen ma ya yi yawa. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Na ga injiniyoyi masu shekara goma sha a aiki an sallame su ta waya. Muka ɗan farfaɗo sai ga korona, ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin man Amurka na WTI ya faɗi ƙasa da sifili, wajen dala 37 a ƙasa, wato mai kaya ne zai biya a kwashe masa. A shekarar kamfanin Schlumberger kaɗai ya sanar da rage ma'aikata sama da 21,000. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Shi alawus ɗin jami'a ƙarami ne amma bai san farashin ganga ba.

Injiniya_B:
Baba ya faɗi gaskiya, in ƙara wani abu. Mutane suna cewa "aikin mai" kamar abu ɗaya ne alhali hawa uku ne. Akwai masu rijiyar kansu irin su Aramco, Shell, Equinor. Akwai masu rig da ake haya irin su Transocean da Nabors. Sai masu hidima irin su SLB (wato Schlumberger), Halliburton, Baker Hughes da ƙananan da ke ƙarƙashinsu. In kasuwa ta faɗi daga ƙasa ake fara sara. Kuma abin da ya shafe ka kai tsaye Sadauki, kujerar masanin jiyoloji a hawan farko, wanda ke zaune a ofis yana cewa a haƙa nan kar a haƙa can, galibi mai mastas ake nema. Da digirin farko za ka iya daɗewa kana wanke ɓarɓashi.

Dr_Ummi:
Haka nan kuma "PhD" ma ba abu ɗaya ba ne, kuma Sadauki bai faɗa mana ƙasar ba. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, mafi ƙarancin alawus ɗin hukumar bincike ta UKRI na zangon 2024/25 fam 19,237 ne a shekara kuma ba a cire masa haraji. A Amurka shekara biyar zuwa shida, tallafin hukumar kimiyya ta NSF da ake ganin yana cikin masu gwaɓi dala 37,000 ne, shi ma na 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin ne. A Jamus da yawa ɗaukar su ake a matsayin ma'aikata amma a biya su rabi ko kashi biyu cikin uku na cikakken matsayi, alhali aikin cikakke suke yi. A Norway, Sweden, Denmark da Holan kuwa yawanci ma'aikaci ne kai sosai, da albashi da fansho da hutun haihuwa. Da ka ce shekara biyar da koyarwa na ɗauka tsarin Amurka ne.

Sadauki_93:
Eh Anti, irin wannan tsarin ne.

Dr_Ummi:
To ka sani ana cire haraji a alawus ɗin, kuma ka tambaya wata tara ake biya ko goma sha biyu, don wasu sassan ba sa biyan watannin bazara sai in malaminka yana da kuɗin bincike. Ka tambayi inshorar lafiya. Kuma bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarda ka yi aiki lokacin zango, koyarwar da za ka yi ta riga ta cinye su, don haka kar ka sa ran wata 'yar buga-buga a gefe.

Kwarkwasa:
Ni dai ban gane ba, mutum ana ba shi kuɗi ya yi karatu kuma yana ƙorafi? Mu da muka biya da aljihunmu fa?

Yar_Lab:
Kwarkwasa ba kuɗin karatu ba ne, ladan aiki ne aka canza masa suna. Kai kake koyar da ajin gwaji, kai kake duba takardun jarrabawa ɗari da wani abu, kai kake kwana da na'ura, takarda ta fito da sunan malam a kai. In ba aiki ba ne me ya sa ma'aikatan ilimi wajen 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, yawancinsu ɗaliban gaba da digiri, suka yi yajin aiki kusan mako shida a ƙarshen 2022? Kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu. Ni abin da ban ga kowa ya taɓo ba shi ne sufabaiza, wato malamin da ke kula da bincikenka. Baba Direla ya ce alawus bai san farashin ganga ba, haka ne, amma ya san fuskar mutum ɗaya. Nawa sai da babi ɗaya ya yi wata biyar a teburinsa, na je na same shi da kofi a kai ya yi masa zobe, ko shafin farko bai buɗe ba, ya dube ni ya ce "ya aikin namu, sai a ƙara himma." Ba ka da wurin kai ƙara na gaske don shi zai sa hannu a kundinka, shi zai rubuta maka takardar neman aiki, bizarka ma a jikin karatun take. A rig in shugabanka mugu ne bayan kwana 28 kun rabu. Nan kuwa shekara biyar, kuma in ka fita a shekara ta uku kusan hannu rabbana za ka fita.

Dr_Ummi:
Allah sarki Yar_Lab, na san irinsu. Amma a yi adalci, nawa mutumin kirki ne, ranar Juma'a da yamma shi yake kora mu gida. Abin sa'a ne, sai dai sa'ar da ake iya bincika kafin a shiga. Sadauki ka nemi ɗalibansa na yanzu da wanda ya gama, ka kira su a waya, kar ka tura imel don ba mai rubuta gaskiya a imel ɗin makaranta. Ka tambaye su shekara nawa mutane suke yi kafin su gama a hannunsa, kuma mutum nawa suka gudu.

Maman_Biyu:
Ni ba injiniya ba ce, mijina ne yake aikin teku shekara takwas yanzu, bari in faɗi namu ɓangaren tunda ba a sa shi a lissafin Malam. Ɗanmu na biyu yana can aka haife shi, a waya ya fara ganinsa kuma intanet ɗin na yankewa. In ya dawo sati ɗaya muna koyon zama da juna, yara sun saba ni ke yanke hukunci sai ga wani ya zo yana canza dokoki, muna daidaitawa kuma ya fara haɗa jaka. Amma kuma in yana gida yana gida ne da gaske, ba waya ba imel, shi ke kai yara makaranta ya ɗauko su wata guda cur. Ƙanwata mijinta PhD yake, kullum yana gida amma kamar ba ya nan, ido a kwamfuta har ƙarfe biyun dare. Wallahi wani lokacin ban san wacce ta fi wata a cikinmu ba.

Malam_Lissafi:
Hajiya na karɓi gyara, wannan ba ya shiga kalkuleta.

Gwanin_Ruwa:
Ba wanda zai yi maganar rai? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne fa. Rig ɗin Piper Alpha a Tekun Arewa, Yulin 1988, mutum 167 suka mutu. Deepwater Horizon a Tekun Meziko, Afrilun 2010, mutum 11. Kafin ma a bar ka ka hau helikwafta sai ka yi kwas ɗin tsaro na BOSIET, a ɗaure ka a kujera cikin wani kwankwason jirgi na gwaji a nutsar da shi a tafki a kifa shi ƙafa sama, ka jira ya tsaya, ka tura taga, ka kwance bel ka fita. Ni da ban iya ruwa sosai ba na sha ya fi kofi uku ranar, kuma duk shekara huɗu sai an sabunta. Ga iskar H2S mai guba, in kaɗan ce warin ruɓaɓɓen ƙwai take, in ta yi yawa hancin ma ta kashe shi ba ka jin komai. Ƙarin kuɗin nan ba kyauta ba ne.

Tsohon_Direla:
Gaskiya ne amma kar a tsorata yaro fiye da kima. Bayan Piper Alpha an sauya dokokin tsaro sosai, yanzu ƙaramin ma'aikaci ma yana da ikon tsayar da aiki in ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ko da yake sai mai ƙarfin hali ke amfani da ikon. Abin da na fi gani da idona yatsu ne da baya da kunne. A rijiyoyin tudu na Amurka ma hatsarin mota ne ya fi kashe ma'aikata, mutum ya gama awa 12 ya kama tuƙi mai nisa da barci a ido. Shi mai duba laka ba ya kama bututu, hatsarinsa bai kai na 'yan dandamalin haƙa ba.

Kwarkwasa:
To ɗan PhD me ke kama shi, takarda ta yanke shi a yatsa?

Yar_Lab:
Ka zo ka ga mutum a shekara ta huɗu gwajinsa ya ƙi fitowa, kuɗin tallafi saura wata shida, ka ga yadda yake magana shi kaɗai a hanya, sai ka sake tambayar.

Abu_Zaid:
Ni tambayata daban ce. Yaro ɗan shekara ashirin da wani abu ya shiga harkar mai yanzu, nan da shekara 25 tana nan? Duniya duk maganar barin mai take.

Injiniya_B:
Tun ina ɗalibi ake wannan maganar kuma har yanzu duniya na shan wajen ganga miliyan 100 a rana. Ko an rage ma, wanda ya iya haƙa rami ya karanta dutse ba zai rasa wurin zuwa ba, masu haƙo zafin ƙarƙashin ƙasa don lantarki irin wannan ilimin suke nema, haka masu binne iskar kabon, Norway tun 1996 take yi a filin Sleipner. Af, tunda an ambaci Norway, can mako biyu ake yi a teku mako huɗu a gida, ya kama wajen awa 1,460 a shekara, Malam_Lissafi sai ka sake buga naka. Amma mun kauce. Sadauki ni shawarata ta tsakiya ce, ka tambaya ko tsarin nasu yana ba da mastas a hanya bayan shekara biyu. In yana bayarwa ka shiga, in ya yi maka ka zarce, in bai yi ba ka fita da takardar da za ta kai ka hawan farko.

Dr_Ummi:
Injiniya wannan dabarar ana yi, amma kar ya shiga da niyyar yaudara, malamai suna ganewa kuma duniyar jiyoloji ƙarama ce. Sannan in faɗi wadda ba a so a ji duk da ni PhD ɗin na yi: ƙarshenta ba kujerar farfesa ba ce kai tsaye. Na yi kwantiragin bincike na shekara biyu sau biyu a garuruwa daban-daban kafin in samu wuri tsayayye, ina da shekara 36. Abokin karatuna da ya tafi rig ya riga ni mallakar gida da shekara bakwai, an kuma sallame shi sau biyu a tsakani. In kuɗi kawai kake nema PhD ba hanyarsa ba ce. Ana yin ta ne in akwai wata tambaya da ta hana ka sakat.

Sadauki_93:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baba Direla na koma na duba takardar kamar yadda ka ce, ashe kusan rabin kuɗin na kwana ne, tushen kaɗai da kaɗan ya fi alawus ɗin jami'ar, kuma an rubuta wata shidan farko gwaji ne. Gabana sai da ya faɗi. Anti Ummi na samu lambar ɗaya daga ɗaliban malamin, ya ce mutumin ba shi da matsala sai dai ba a cika ganinsa ba, kuma wata tara ake biya tabbas, na bazara sai yadda ta yiwu. Yanzu tunanin da nake ko jami'ar za ta yarda ta ɗaga min gurbin shekara ɗaya in je in gwada tekun in gani da idona. Akwai wanda ya taɓa yin haka?

Dr_Ummi:
Wasu suna ɗaga gurbi amma ba lallai kuɗin ya jira ka ba, sau da yawa a jikin wani aikin bincike yake mai wa'adi. Ka tambaya a rubuce, su ma su amsa a rubuce.

Yar_Lab:
Shekara ɗaya. Haka huɗun nan namu suka ce, sai dai su shekara biyu suka ce.

ƊanRig:
Kyale ta ƙanina, zo ka gwada, in laka ta ishe ka ai ba a ɗaure kowa a nan. Ka dai tambaye su ko rig ɗin da za su tura ka yana da kwantiragi har ƙarshen shekara mai zuwa, kuma wa zai biya kuɗin BOSIET ɗin, kai ko su. Ni zan sauka, an kira mu taron tsaro kafin shiga aiki, saura min kwana 9.

Abu_Zaid:
Ni fa har yanzu ba a ba ni amsar shekara 25 ɗin ba, Injiniya ganga miliyan 100 ta yau ce ba ta gobe ba.